Daga Ijaza zuwa “Distinction”: Tarihin Ma'aunin Fifiko a Sakkwato

A unguwar Minanata, kamar sauran unguwannin birnin Sakkwato, akwai wata kalmar Turanci da ke shiga gidaje ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Ko tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, da zarar an ce jikanta ya samu “distinction”, ta san abin barka ne. Amma kalmar tana da tarihi, kuma tarihin nata ya taɓa yadda wannan birni ya sauya ma'aunin da yake gane mai ilimi da shi.

Asalinta Latin ne, daga wani aikatau mai nufin rarrabewa, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. Ma'anarta ta farko ita ce bambanci tsakanin abu biyu, irin wanda lauya ko malamin fiƙihu ke fitarwa tsakanin mas'aloli masu kama da juna. Daga nan ta ɗauki ma'ana ta biyu: wanda aka ware daga cikin tsara saboda ya yi musu zarra. Larabci ma haka ya bi, domin “tamyiz”, wato tantancewa, da “mumtaz”, darajar ƙoli a makarantun Islamiyya, tushensu guda. A harsunan biyu, fifiko ɗa ne ga tantancewa.

Tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, malaman ƙasar nan suna da tasu hanyar tantancewa. Ɗalibi yakan zauna gaban malami ya sauke littafi, in malamin ya gamsu sai ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da shi, tare da salsalar waɗanda aka karɓo ilimin daga gare su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓi irin wannan izini daga malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuwa littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. A tsangaya ma akwai matakai, daga gardi zuwa alaramma zuwa gwani. Ƙarfin wannan tsari shi ne mai ba da shaida ya san wanda yake yi wa shaida, kuma mutuncinsa ne a kan gaba in ɗalibin ya gaza. Rauninsa kuwa, darajar shaidar ta dogara ga sanin malamin, don haka tana raguwa a inda sunansa bai kai ba.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka zo da wani ma'auni daban: jarrabawar da wanda bai taɓa ganin ɗalibi ba zai duba. Makarantar Midil ta Sakkwato, wadda ta zama Kwalejin Nagarta, ita ce ƙofar da su Shehu Shagari suka bi, Ahmadu Bello kuma ya kammala Kwalejin Katsina a 1931. Da aka kafa hukumar WAEC a 1952, sai ma'aunin ya zama ɗaya daga Sakkwato har Firitawun. A tsohon tsarin takardar sakandare ana raba waɗanda suka ci zuwa rukuni na ɗaya, na biyu da na uku, kuma kalmar “distinction” ce ke nuna wanda ya zarce ko a cikin rukuni na ɗaya. Har yau tana raye a kwalejojin fasaha, irin ta Umaru Ali Shinkafi, inda sai mai maki 3.50 cikin 4.00 ke samun ta.

Wannan sauyi ya yi amfani. Ɗan talaka da ba shi da uba a fada ya samu takardar da za ta yi magana a madadinsa a Kaduna ko Legas. Sai dai ya zo da nasa ciwo. Tunda takarda ce ke buɗe ƙofar aiki, wasu suka koma neman takardar suka bar ilimin, har satar amsa ta zama sana'a. Ita kuma kalmar ta bazu zuwa siyasa, inda kowane sanata ake kiransa da sifar da aka ciro daga gare ta tun ranar rantsuwa, kafin ya tsinana komai.

Abin lura shi ne a Sakkwato ne aka gwada haɗa ma'aunan biyu. A 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Usmanu Danfodiyo, ta fara gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa. A nan akwai maki da alƙalai irin na boko, amma mai gasa a bainar jama'a yake karantawa, kowane mahaddaci a wurin yana iya jin kuskurensa.

Darasin yana nan ga shugaban makaranta, da mai ɗaukar ma'aikata, da uban da ke riƙe da sakamakon ɗansa. Darajar da ke kan takarda tana da nauyi ne gwargwadon gaskiyar tantancewar da ta haife ta. Tambayar da malaman zaure ke yi ba ta tsufa ba: wa ya karantar da shi, kuma zai iya biyawa a gaban mutane?