Ina Makullin Windows Ɗinka Ya Shiga? Tarihin Lasisin Kwamfuta Daga 1976 Zuwa Yau



Yau tarihi zan ba ku, irin tarihin da zai hana a ci kuɗinku a banza. Ni gyaran waya ne sana'ata, kullum daga Karofi nake shigowa Dutsin-Ma, amma ba a rasa masu kawo mana laftof. Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo min HP EliteBook ta hannu da ya sayo a Kano. Windows ɗinta ta rikice yana tsaka da rubuta firojet, ya kai wa wani mai gyara, shi kuma ya juya bayanta ya ce babu sitikar lasisi, don haka sai an biya kuɗin "ki" daban. Ya biya. Aka kashe masa antibayiras, aka sa masa kirak, bayan 'yan makonni fayilolinsa suka daina buɗewa. Da na duba, wallahi lasisin Windows 10 Pro na asali yana nan cikin madabod ɗinta tun daga kamfani. Abin da yake da shi aka sayar masa, kuma jabu.

To ɗan uwa, ya aka yi makullin ya bar bayan kwamfuta ya koma cikinta? Bari mu faro daga tushe.

ZAMANIN DA BA MAKULLI

Bill Gates da Paul Allen sun kafa Microsoft a 1975 a Amurka. Manhajarsu ta farko ita ce BASIC ta wata ƙaramar kwamfuta mai suna Altair, kuma a kan dogon zaren takarda mai huji-huji ake rarraba ta. Wanda ya samu ɗaya sai ya kwafa ya ba abokansa. A farkon 1976 Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta yana kukan cewa yawancinsu ba su biya ba. Ka ga ke nan rigimar kwafi ta girmi Windows kanta, don sai a Nuwamba 1985 Windows ta farko ta fito.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne, kamfanin bai taɓa sayar maka da Windows kamar yadda ake sayar da buhun gero ba. Izinin amfani yake sayarwa, shi ne lasisi. Makullin kuwa shaida ce kawai ta cewa kana da izinin.

Da Windows 95 ta fito a watan Agusta 1995, makullinta na faifan CD lambobi goma ne kacal, kuma ba wanda ke bincika ko mutum nawa suka yi amfani da shi. Daga Windows 98 aka koma haruffa da lambobi 25, rukuni biyar-biyar, irin wanda muka sani yau. Duk da haka faifai ɗaya da makulli ɗaya suna iya zagaye gari guda.

2001: SHEKARAR XP DA GSM

A watan Agusta 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, a ranar 25 ga Oktoba kuma Windows XP ta fito. Da ita aka kawo sabon tsari: bayan ka sa makulli, dole cikin kwana 30 kwamfutar ta gabatar da kanta ga Microsoft ta intanet ko ta kiran waya, a ɗaure makullin da kayan cikinta. Sai dai manyan kamfanoni da ke sayen lasisi da yawa an ɗauke musu wannan wahalar. Tun kafin XP ta shiga kasuwa ɗaya daga cikin irin makullan nasu ya fita waje, wanda ke farawa da FCKGW, ya zagaye duniya a rubuce da maka a jikin faifai. Microsoft ta toshe shi a gyaran Service Pack 1 na 2002. Tambayi duk wanda ya yi aikin kafe ko shagon buga takardu a Katsina ko Kano a wancan lokacin, zai ba ka labarin faifan XP na kasuwa.

ZAMANIN SITIKA DA KAYAN BELJIYAM

Windows 7 ta fito a Oktoba 2009. Laftof ɗin zamaninta, da na XP da Vista, suna zuwa da sitika mai ƙyalli a ƙasansu ko a cikin gidan batir, makullin yana rubuce a jiki. Wannan sitikar ce har yau wasu masu gyara ke nema. Matsalarta ita ce zafi da gogar cinya da zufa suna cinye rubutun, wasu kuma tun a kasuwa ake ɓanɓare ta a sayar daban. Idan Windows 7 ta gane jabu ce, sai fuskar ta koma baƙa ƙirin da rubutu a kusurwa, da yawanku kun gani.

A wannan zamanin ne kayan hannu suka cika kasuwanninmu. Muna ce musu Beljiyam ne saboda sunan ya samo asali daga motocin hannu da ake lodowa daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam zuwa Kwatano da Legas, daga baya ya bi duk wani kayan Turai na hannu. Laftof ɗin suna sauka a Legas, su bi ta Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Farm Centre da Beirut Road a Kano, daga nan su iso mana. Yawancin EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad da kake gani na ma'aikatu da kamfanonin Turai da Amurka ne, sun yi musu aiki 'yan shekaru suka sauya sababbi.

A nan yankinmu buƙatar ta ƙaru ne bayan an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun da. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, har iyaye a ƙauye suka fara neman 'yar laftof ta hannu don yaro ya saba da madannai.

2012: MAKULLI YA SHIGE CIKI

Ga inda labarin ya juya. Da Windows 8 ta fito a Oktoba 2012, manyan masu ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suka daina buga makulli a sitika. Tun a masana'anta ake rubuta shi cikin BIOS, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke jikin madabod. Ko ka yi fomatin sau goma, ko ka cire had dis ka sa SSD, yana nan daram. Sitikar da ta rage a baya tambarin Windows ne kawai, ba lamba a jikinta.

A ranar 29 ga Yuli 2015 Windows 10 ta fito, aka ba masu 7 da 8.1 na asali damar hawa kyauta. Da ita aka kawo lasisin dijital: Microsoft tana ajiye shaidar madabod ɗinka a wajenta, duk ranar da ka sake sa Windows iri ɗaya ka hau intanet, sai ta gane kwamfutar ta buɗe ta da kanta. An ce garaɓasar ta shekara ɗaya ce, amma ƙofar ta zauna a buɗe har Satumba 2023. Tun daga nan makullin da ke sitikar Windows 7 ba ya buɗe Windows 10 sabuwa. Wadda aka riga aka hau da ita kafin lokacin kuwa, lasisinta na nan.

Wannan tsari yana da sharaɗi ɗaya, sai da sabis. Mu nan mun ɗanɗana hakan a Satumba 2021 lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A watannin nan in ka sa wa mutum Windows, sai an kai kwamfutar inda ake samun sabis kafin lasisin ya tabbata.

TO KAI YANZU ME ZA KA YI?

Kafin ka goge komai, kwashe fayilolinka zuwa filashi ko wani had dis. Sannan shiga Settings ka nemo Activation, ka duba abu biyu: Home ce ko Pro, kuma an rubuta tana da digital license ko a'a. Rubuta a takarda.

In kana son ganin ko akwai makulli a madabod, buɗe PowerShell ka rubuta wannan:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In haruffa 25 suka fito, shi ne naka. In ba abin da ya fito, ba makulli a BIOS ke nan, amma mai yiwuwa akwai lasisin dijital.

Daga nan ka sauke Windows daga shafin Microsoft da kansa ta Media Creation Tool, a kan filashi mai 8GB ko fiye. Tana cin data sosai, gara ka bari sai dare ko ka nemi wayfai. Wajen sawa, in akwai makulli a BIOS galibi ba ma za ta tambaye ka ba. In ta tambaya, danna I don't have a product key, ka zaɓi irin wadda take da ita tun farko. A nan mutane ke faɗawa rami: lasisin Home ba ya buɗe Pro. Mai gyara ya sa maka Pro a kan kwamfutar Home don wai ta fi, sai ta ƙi buɗewa, sai ya ce maka ba lasisi.

In kuma ta tabbata ba ka da shi, Windows za ta yi aiki a haka. Rubutu ne zai zauna a kusurwar ƙasa, ta hana ka sauya hoton fuska da kaloli, har ka samu halin sayen na gaske. Hakan ya fi kirak nesa ba kusa ba. Yawancin kirak suna kwaikwayon tsarin KMS ne na kamfanoni, wanda ke buƙatar sabuntawa duk kwana 180, kuma sai ka kashe antibayiras da hannunka kafin su shiga. Wanda ya ce ka kori maigadi kafin ya shigo gidanka, ai ka san ba alheri ya kawo ba. Wannan KMS ɗin ne ma ya sa wata Beljiyam ɗin ke yi maka lafiya wata biyar ko shida, sannan ta fara cewa lasisi zai ƙare.

Akwai kuma hanyar da ba ruwanta da makulli. Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara Linux a 1991, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004. Kyauta ne, halal ne, kuma Linux Mint tana tashin tsohuwar laftof ta yi rubutu da intanet da kallo ba nauyi. Wannan ya zama abin dubawa, don a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da take ba Windows 10, ita kuma Windows 11 da ta fito a 2021 tana neman TPM 2.0 da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawan Beljiyam ɗin da ke hannunmu ƙarni na 4 zuwa na 7 ne.

Shawarata ta ƙarshe ga mai shirin saye: tun a gaban mai shago ka kunna ta, ka duba Activation, ka shiga BIOS ka tabbatar ba fasuwod, ka karɓi rasit. In bayan sa sabuwar Windows ta fito da sunan wani kamfanin waje tana neman imel ɗin ma'aikacinsu, har yanzu tana cikin rajistarsu ne, fomatin ba ya cire wannan. Mayar masa da kayansa tun da wuri.

Shi ɗalibin nan, mun sa masa Windows mai tsafta, muna haɗa ta da hotspot ɗin wayata ta buɗe da kanta ko minti biyar ba a yi ba. Babi biyu na firojet ɗinsa ne ba su dawo ba, sai da ya sake rubuta su.

Duk wanda ya gwada ya ga abin da bai gane ba, ya turo hoton fuskar Activation ɗin tare da sunan kwamfutar, amma ya rufe makullin kafin ya ɗauka. Allah Ya sa mu dace.