Gidan Sardauna na Kaduna: Daga Mazaunin Mulki Zuwa Taskar Tarihi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda gidan Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken tarihi, wadda aka sani da suna Arewa House.

Zamanin Mulki

Gidan yana kan Titin Raba a Kaduna, titin da ke ɗauke da sunan mahaifar Sardauna. Shi kuwa ya riƙe muƙamin Firimiya tun daga 1954, kuma a nan yake zaune a ƙarshen mulkinsa, inda sarakuna da ministoci da malamai suke kai gaisuwa, ana shawarta al'amuran Jiha. Da asubahin ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka far wa gidan, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu, wuta kuma ta ci wani sashe na ginin.

Sauyin Matsayi

Da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, sai ya zamana gwamnatin da ta mallaki gidan ta gushe. Kadarorinta suka koma hannun hukumar riƙon ƙwarya ta jihohin nan. A 1970 aka kafa kwamitin rubuta tarihin Arewa, wanda shi ne tushen cibiyar. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila masanin tarihi wanda ya musulunta, shi ne shugabanta na farko. Daga bisani aka danƙa ta ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta haka aka shiga tara takardun gwamnati, da jaridu, da rubuce-rubucen Larabci da ajami, aka kuma keɓe wuri don nuna kayayyakin marigayin.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka raya gidan ba su mai da shi wurin makoki ba, sai suka mai da shi wurin neman hujja. Amma fa takarda ba ta da ƙarkon dutse: gara da danshi da ƙura ba su san darajar wanda ya rubuta ta ba. Idan muka wadatu da kallon hotunan Sardauna, muka bar takardun zamaninsa suka ruɓe, to, na baya za su gāji yabonsa da sukarsa, ba tare da abin auna su ba. Wannan nauyi kuwa a wuyanmu yake, mu malaman jami'o'i.