Jaki da Mangala: Yadda Jujin Birni Ya Ciyar da Karkarar Kano

Wanda ya ratsa Gwammaja a yau, daga gindin Dala zuwa gidan Mambayya, da wuya ya yarda cewa yawancin filin da ke cikin badalar Kano gonaki ne a da. Baturen nan Kilafaton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cikin ganuwa ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Gwammaja na cikin unguwannin da suka bunƙasa a irin wannan fili a ƙarni na ashirin.

A da, a yawancin ƙasar Hausa, idan gona ta gaji sai a bar ta saura ta huta. A karkarar Kano kuwa jama'a sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, don haka gona ɗaya ake nomawa kowace damina, daga kaka zuwa jika. Duk da haka ƙasar ba ta mutu ba, domin abin da aka ɗiba daga gare ta ana mayar mata.

A da, da rani, ayarin jakuna kan shigo ta ƙofofin birni da itace da hatsi da harawa. Ba sa komawa haka nan. Akan cika mangala da abin da ke juji: toka, kashin awaki da tumaki, da sharar tsakar gida, a kai gona a zuba tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. A gona kuma wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu ta ciyar da dabbobin turke, dabbobin su ba da taki. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, ya bar wa gero rana. Bayan girbi Fulani su sauke garke a kan kara. Hatta ƙurar hunturu tana sauke nata rabon.

Wannan tsari ne masanin labarin ƙasa Maikel Motimo ya fara nazarinsa a shekarun 1960, har karkarar Kano ta zama misali a duniya cewa yawan jama'a ba dole ne ya kashe ƙasa ba.

Abubuwa biyu suka raunana shi. Na farko takin zamani, wanda gwamnati ta sa wa rangwame mai yawa daga 1976. Yana ciyar da shuka nan take, amma ba ya sa ƙasa mai rairayi ta riƙe laima kamar yadda takin gargajiya ke yi. Na biyu leda. Jujin yau cike yake da leda da roba da fasassun kwalabe, sai manomi ya tsince kafin ya zuba. Abin da ba a kwashe ba ya toshe magudanan ruwa.

Yanzu da damina ke zuwa da yankewar ruwa da ambaliya, buhun takin zamani kuma ya yi tsada, masana na kiran a koma ga noman da ke raya ƙasa. Kanawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Abin da ya rage shi ne gidajen Gwammaja da makamantansu su ware toka da ragowar abinci daban da leda, domin juji ya sake zama abin da manomi zai biya kuɗi ya ɗauka.