Willem: Sunan da Fada Ta Ɗaukaka, Kakanni Suka Raya

A ranar 10 ga Yulin 1584, a birnin Delft, wani mutum mai suna Balthasar Gérard ya harbe jagoran tawayen mutanen Holan a gindin matakalar benen gidansa. Har gobe masu ziyara suna ganin gurbin harsashin a jikin bango. Mamacin shi ne Willem na Orange, wanda 'yan ƙasar suke kira uban ƙasa, kuma da yawa suna zaton daga gare shi ne sunan Willem ya samu gindin zama. Amma sunan ya girme shi da ƙarnuka, kuma bazuwarsa tana da wani tushe dabam.

Asalin sunan daga tsoffin harsunan ƙabilun Jamusawa yake, waɗanda suka saba haɗa kalmomi biyu su tayar da suna guda. Wil na nufin nufi ko ƙuduri, helm kuwa kwalkwali ne, wato kariya. Ma'anarsa ke nan mai ƙudurin ba da kariya, fatan da ya dace da al'ummar da yaƙi ya zame mata abincin yau da gobe. Sunan ya zama Wilhelm a Jamus, Guillaume a Faransa, sannan William a Ingila, inda Normandiyawa suka yaɗa shi bayan mamayar 1066. A Holan kuwa, masu sarautar yankin har shida ne suka amsa shi daga ƙarni na 13 zuwa na 15.

Duk da haka, Willem na Orange ne ya ɗaura wa sunan rawanin kishin ƙasa. Abin mamaki, a Dillenburg ta Jamus aka haife shi a 1533, sarautar Orange da ya gada kuwa a kudancin Faransa take. A 1568 ya ɗaga tutar yaƙi da mulkin Sifaniya, yaƙin da bai ƙare ba sai 1648. Taken ƙasar, Wilhelmus, da bakinsa aka tsara shi. Bayan kafa masarauta a 1815, sarakuna uku a jere duk Willem ne sunansu, kuma da gadon ya faɗa hannun mace a 1890, ita ma Wilhelmina ce.

To, amma sarauta daraja take bai wa suna, yawa kuwa daga gidajen talakawa yake fitowa. Mutanen Holan sun daɗe da al'adar yi wa magabata takwara. Galibi ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, mai bi masa ya ci na wajen uwa, kuma idan jariri ya rasu akan mayar da sunansa ga wanda ya biyo baya. Gidan shahararren mai zanen nan Vincent Willem van Gogh ya isa misali. An haife shi a 1853, shekara guda cif bayan wansa da aka haifa ba rai, wanda shi ma Vincent aka sa masa. Vincent sunan kakansa ne na wajen uba, Willem kuma na wajen uwa. Ƙanwarsa Willemina ce, ɗan ƙaninsa Theo kuma aka sake kiransa Vincent Willem. A irin wannan tsari iyaye ba su da zaɓi mai yawa, domin suna tamkar bashi ne da ake biyan magabata. Da takwarorin suka yi yawa sai aka riƙa taƙaita sunan zuwa Wim ko Pim, ya kuma haifi sunayen dangi irin su Willems da Willemsen, waɗanda suka ƙara kafuwa bayan dokar Napoleon ta 1811 ta wajabta wa kowane gida tsayayyen suna.

Daga shekarun 1960 al'adar ta soma sassautawa. Tasirin coci ya ragu, haihuwa ta ragu, iyaye suka koma zaɓen sunan da ya yi musu daɗi a kunne. A shekarun baya-bayan nan gajerun sunaye irin su Noah, Sem, Lucas da Daan ne ke kan gaba. Willem bai ɓace ba, sai dai sau da yawa ya koma suna na biyu, wanda ke zaune a takarda ba a kiran yaro da shi.

A nan ne hujjar ta fito fili. Tun 30 ga Afrilun 2013 Willem-Alexander ke kan karaga, amma hakan bai mayar da sunan matsayinsa na dā ba. Lokacin da kakanni ke da ta cewa a ranar suna, Willem ya cika unguwa. Da aka daina shawara da su, sarki ma bai iya cike gurbinsu ba. Shi kansa 'ya'yansa uku mata ne, kuma magajiyarsa Catharina-Amalia ce.