Kakar Wasa ta 2009/2010 a Tarihin Kano Pillars

Kakar wasa ta 2009/2010 ita ce wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ta ƙare a matsayi na biyu a gasar Firimiya ta Najeriya, bayan Enyimba ta Aba. Pillars ba ta ɗaga kofi a shekarar ba, amma masu bin tarihinta ba sa tsallake kakar. A cikinta ne Pillars ta buga wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, filinta ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta matasa, sannan wani yaro ɗan shekara 17, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 ya karya tarihin da ya shekara ashirin a tsaye.

Asali

An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin da aka haɗe ƙananan ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamnatin jiha ce ke ɗaukar nauyinta. Gidanta shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a bakin ganuwar birni ta gabas, kusa da tsohuwar marinar nan da ta yi suna. Filin yana ɗaukar mutum kusan 16,000. Taken magoya baya, "Sai Masu Gida", ya bi ƙungiyar har ya zama sunanta na biyu.

Sai da Pillars ta shekara 18 kafin ta ci gasar ƙasa, a 2008, a hannun koci Kadiri Ikhana. Wannan kofi ne ya buɗe mata ƙofar gasar Zakarun Afirka ta 2009.

Tafiyar Afirka

A zagaye na biyu ƙuri'a ta haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, wadda a lokacin ta riga ta ɗauke shi sau shida. Kaɗan ne suka yi zaton baƙuwar gasa za ta tsira. Aka tashi 1–1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2–2, Pillars ta wuce da dokar ƙwallon waje. A rukuni ta haɗu da Al-Hilal da Al-Merreikh na Sudan da ZESCO United ta Zambiya, ta kuma fito a saman teburi.

A watan Oktoba na 2009, lokacin da sabuwar kakar gida ke kankama, tafiyar ta tsaya, kuma 'yar gida ce ta tare hanya. Heartland ta Owerri ta lallasa Pillars 4–0 a wasan farko, ta ƙara mata 1–0 a na biyu. Heartland ɗin ma ba ta sha ba, domin TP Mazembe ta Kwango ce ta ɗauki kofin.

Gasar matasa a Ƙofar Mata

Daga 24 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba na 2009 Najeriya ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, kuma Kano na cikin birane takwas da aka yi wasannin. Ba wannan ne karon farko ba: filin ya ga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999 da kofin ƙasashen Afirka a 2000. A wannan karon Sifaniya da Amurka na cikin ƙasashen da suka taka leda a Kano, kuma tawagar Sifaniya ta zo da yara irin su Isco da Koke, waɗanda daga baya suka zama sanannu a gidajen kallon ƙwallo na unguwannin birni. Suwizalan ce ta ci kofin, bayan ta doke Najeriya 1–0 a Abuja.

Yadda gasar gida ta gudana

Ƙungiya 20 ne suka fafata, kowace ta buga wasa 38, gida da waje, nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. A wancan zamani cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske a gasar Najeriya, saboda doguwar tafiya a mota, da filaye marasa kyau, da matsin da 'yan kallo ke yi wa alƙalan wasa. Don haka lissafin mai neman kofi a fili yake: ka cinye na gidanka, ka je waje ka ɗan tsinto abin da ya samu.

A nan Pillars ta fi kowa. Tun 2003 ba a ci ta a gida a gasar ba, kuma kakar 2009/2010 ta faɗo ne a tsakiyar wannan dogon zango. Ranar wasa, da an idar da sallar la'asar sai titin Ƙofar Mata ya cika maƙil da matasa cikin riguna masu ruwan ɗorawa da kore, ga makaɗa, ga masu tallar rake da ruwan leda. Baƙuwar ƙungiya tun kafin a busa usur take jin filin ya ɗauka da "Sai Masu Gida". Sai dai makin gida kaɗai bai isa ba. Enyimba ta riga ta zuwa layi, ta ɗauki kofinta na shida, Pillars ta biyo baya ta sami gurbin komawa gasar Zakarun Afirka a 2011.

Ahmed Musa

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano a matsayin aro. Ba shi da ƙirar ƙarfi, makaminsa gudu ne. Da an jefa ƙwallo bayan 'yan baya sai ya tsinke da ita, kafin su juyo ya fuskanci gola. Da ƙwallo 18 ya gama kakar, ya zarce 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci wa Iwuanyanwu Nationale a 1990.

Kafin shekarar 2010 ta ƙare ya bar Kano. Ranar 5 ga Satumba, 2010 ya buga wa Super Eagles a wasan neman gurbin kofin Afirka da Madagaska. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma sai da ta jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba, domin dokar FIFA ta hana a ƙetara da ƙananan yara zuwa wata ƙasa. Daga can ya wuce CSKA Moscow a 2012, Leicester City a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar duniya ta 2014, ya sake cin biyu a ragar Iceland a 2018.

Abin da ya biyo baya

Tarihin ƙwallo 18 bai daɗe ba. Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo, Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. Ita kuwa Pillars, tafiyar Musa ba ta karya ta ba. Da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, da Gambo Muhammad, ta ci gasar sau uku a jere, a 2012, 2013 da 2014. Zangon rashin faɗuwa a gida ya kai shekara 12, sai a watan Agusta na 2015 Nasarawa United ta zo Ƙofar Mata ta ci 2–1.

A watan Afrilu na 2021 Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo ya sake sa rigar Kano Pillars, shekara 11 bayan kakar da ta fito da shi.