Iry LeJeune da Dawowar Akodiyan a Kiɗan Kejun: Me Ya Dawo da Shi?

Tsakure

An saba cewa Iry LeJeune (1928–1955) shi ya ceto akodiyan daga mutuwa a kudu maso yammacin jihar Luwiziyana ta Amurka. Wannan maƙala ba ta musa hakan gaba ɗaya ba, amma tana ganin an ɗora yabon a inda bai dace ba. Babban aikin LeJeune shi ne raya salon waƙar Amédé Ardoin, baƙar fata ɗan Kiriyol, da mayar da shi gidajen rawar fararen fata a zamanin wariyar launi.

1.0 Gabatarwa

Kejun zuriyar Faransawan Akadiya ne da Ingila ta kora daga gabashin Kanada a 1755, waɗanda da yawansu suka yada zango a Luwiziyana daga 1764 zuwa 1785. Goge irin na Turawa shi ne tsohon kayan kiɗansu. A ƙarshen ƙarni na 19 akodiyan ta iso daga Jamus: ƙaramin akwati mai zugazugi a tsakiya da maɓallai goma a hannun dama, kowane maɓalli da sauti biyu, ɗaya in an ja, ɗaya in an tura. Ƙararta ta danne goge a gidajen rawa marasa lasifika, kuma da ita Joe Falcon da Cléoma Breaux suka yi faifan Kejun na farko a 1928.

Tun tsakiyar shekarun 1930 sai akodiyan ta ja baya. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya riga ya ɗora Ingilishi a makarantu, man fetur ya jawo baƙi, rediyo ya kawo kiɗan Tekzas. Ƙungiyoyi irin su Hackberry Ramblers suka ajiye akodiyan suka rungumi goge da jita. Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yanke shigo da ita daga Jamus.

2.0 Waiwaye

Littattafan Broven (1983), Savoy (1984) da Ancelet (1984) su ne tushen duk mai wannan nazari, Yule (2007) kuma ya tattara tarihin rayuwar LeJeune. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne sojojin da suka dawo daga yaƙi suna kewar gida, LeJeune ya ba su abin da suke nema. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta isa ba. Kewar gida na iya bayyana dalilin da kasuwa ta buɗe, ba ta bayyana dalilin da makaɗan baya suka bi sawun LeJeune fiye da na sauran ba. Faifan Pine Grove Blues na Nathan Abshire ya fito a 1949 ya kuma yi kasuwa. Lawrence Walker ma ya dawo fage a wannan tsakani. In akodiyan ce kaɗai zancen, da sun raba yabon daidai. Brasseaux (2009) ya yi daidai da ya ƙi ɗaukar zamanin goge da jita a matsayin lalacewa, amma wannan wata muhawara ce daban.

3.0 Hanyar Bincike

An saurari faya-fayan LeJeune, waɗanda ba su kai 30 ba, an jera su da na Ardoin na 1929 zuwa 1934, an kwatanta karin sauti, hawan murya da jigo.

4.0 Sawun Ardoin a Bakin LeJeune

An haifi LeJeune a Pointe Noire kusa da Church Point, cikin dangin manoma, da raunin gani mai tsanani. Gona ba ta karɓe shi ba, sai ya zauna da akodiyan. Ɗan'uwansu Angelas LeJeune, wanda shi ma ya yi faifai a 1929, ya koya masa hannu. Amma malamin da ya fi tasiri a kansa ta garmaho ya same shi. Ardoin ya rasu a asibitin Pineville a 1942, LeJeune yana ɗan shekara 14.

A 1948 LeJeune ya je Houston ya ɗauki Love Bridge Waltz da Evangeline Special a kamfanin Opera. Daga nan Eddie Shuler, mai kamfanin Goldband a Lake Charles, ya ɗauki sauran, wasu a gidan rediyo, wasu a gidan LeJeune kansa. Ɗaukar ba ta da kyau, makaɗan rakiya ma wani lokaci ba sa tafiya tare. Duk da haka abin da kunne ke fara kamawa shi ne muryar.

Akodiyan Kejun a kan sautin C ko D ake saita ta, ba ta sauka don ta bi mawaƙi; mawaƙi ne zai hau. Yawancin fararen mawaƙa sun hau ne don a ji su kawai. Ardoin kuwa ya mayar da wannan tilas ta zama salo: yakan kai murya ƙarshen iyakarta har ta tsage, ya ja kalma ta wuce inda kiɗa ya tsaya, ya jefa kuka tsakanin layuka. Haka LeJeune yake yi, kusan a wurare iri ɗaya. Waƙarsa ta ɗaurin shekara 99, wadda ake kira Convict Waltz, a kan karin Valse à Abe na Ardoin ta hau. Ya sauya kalmomin, ya bar numfashin yadda yake. Hannun ma haka: yawan ado tsakanin sautuka, da jinkirta bugu kaɗan yadda mai rawa zai ji ana jan sa. Jigon kuma na maraici ne, da wanda aka yasar, da wanda ba shi da wurin kwana. Wanda ya saurari faifan Harry Choates na 1946, Jole Blon, mai santsi da fara'a, sannan ya sa na LeJeune, zai ji tazarar da ke tsakani.

Abin lura shi ne wurin da wannan ya faru. A wancan lokaci gidajen rawa a ware suke, na farare daban, na baƙaƙe daban. Matasan da suka yi ta sayen faya-fayan LeJeune suna cewa kiɗan kakanninsu ne ya dawo, alhali kaso mai tsoka na abin da suke ji daga bakin ɗan Kiriyol ya fito. Ba sata muke zargin LeJeune da ita ba, domin a al'adar ana gadon kari ne kamar yadda ake gadon gona. Masu rubuta tarihi ne ke ambaton Ardoin a layi ɗaya su wuce.

Ranar 8 ga Oktoba 1955, a kan hanyar dawowa daga wasa kusa da Eunice, mota ta buge LeJeune yayin da suke canza taya shi da mai goge J. B. Fuselier. Ya rasu yana da shekara 26. Ɗansa Eddie LeJeune ya gaji akodiyan da muryar, kuma waƙoƙin uban sun zama karatun farko na mai koyo, musamman bayan farfaɗowar da ta biyo kafa CODOFIL, hukumar raya Faransanci a jihar, a 1968.

5.0 Iyaka

Faifan wancan zamani minti uku ne, wasan gidan rawa kuwa dare guda, kuma kamancin kari ba ya nuna hanya ɗaya tak, tunda Ardoin da fararen makaɗa irin su Dennis McGee sun sha daga rijiya ɗaya. An ji wannan. Bai taɓa batun muryar ba.

6.0 Kammalawa

Akodiyan za ta dawo ko babu LeJeune. Abshire da Walker sun isa shaida. Salon Ardoin ne ba zai kai ga makaɗan Kejun na yau da wannan ƙarfi ba in ba ta hannunsa ba, don haka duk tarihin da ya raba sunayen biyu bai cika ba.