Tarihin Rimiks Da Kamfanonin Da Ke Raba Wa DJ Waƙoƙi: Daga Faifan Garmaho Zuwa Hayar Wata-Wata

Rimiks shi ne a ɗauki waƙar da aka riga aka fitar a sake mata zubi, ko a tsawaita ta, ko a canja mata kiɗa, ko a sake jera gaɓoɓinta domin ta dace da filin rawa. A yau kalmar ta zama gama-gari, mawaƙi zai gayyato abokinsa ya ƙara baiti ɗaya a ce wai an yi rimiks. Amma a wurin tsofaffin masu sana'ar DJ na Amurka da Turai, rimiks kayan aiki ne, kamar almakashi a hannun tela. Shi ya sa har gobe suke kewar salon shekarun 1980 da 1990. Kuma in ka bi diddigin wannan kewa, za ka tarar tana ɗaure da hanyar da waƙa ke bi kafin ta iso hannun DJ.

Asalin faifai mai inci 12

A farkon shekarun 1970, waƙa guda tana fitowa ne a ƙaramin faifan garmaho mai inci 7, tsawonta minti uku ko huɗu. Wannan ya ishi rediyo, amma a gidajen rawar disko na New York kafin jikin mutane ya yi zafi waƙar ta ƙare. Wani mai suna Tom Moulton shi ne ya yi fice wajen tsawaita waƙoƙi a situdiyo, kuma da shi ake danganta fara buga waƙa guda a babban faifai mai inci 12. Da yake fili ya yi yawa, layukan faifan suna samun sarari, sai sauti ya fito da ƙarfi da kauri.

A 1976 kamfanin Salsoul ya saki waƙar "Ten Percent" ta ƙungiyar Double Exposure a irin wannan faifai don sayarwa ga kowa da kowa. DJ Walter Gibbons ne ya yi mata zubin da ya haura minti 9. Daga nan kasuwa ta buɗe.

Ƙungiyar rabon faifai

A wancan lokaci DJ sai ya bi ofis-ofis na kamfanonin waƙa yana roƙon faifan talla. A 1975 David Mancuso, mai shirya shagalin The Loft, tare da abokansa irin su Steve D'Acquisto suka kafa New York Record Pool. Tsarin mai sauƙi ne: kamfani ya kawo sababbin faifansa wuri ɗaya, DJ ya biya kuɗin ƙungiya ya kwashi rabonsa, sannan ya dawo da rahoton yadda jama'a suka karɓi kowace waƙa. Wannan shi ne kakan duk wani tsarin biyan wata-wata da DJ ke yi a yau.

Kamfanonin rimiks na 'yan rajista

Bayan haka sai wasu suka ce ai raba faifai kawai bai isa ba, gara su riƙa gyara waƙoƙin da kansu. Sukan nemi izinin masu waƙar, su yi nasu zubin, su buga kwafi kaɗan, su aika wa DJ masu rajista kaɗai, da rubutu a jiki cewa ba na sayarwa ba ne a kanti. Ga manya daga cikinsu:

Disconet: Mike Wilkinson ya kafa shi a New York a 1977, shi ne na farko-farko a wannan harka.

Hot Tracks: ya taso daga San Francisco a farkon shekarun 1980, an san shi da kiɗan rawa mai gudu.

Razormaid: shi ma daga San Francisco, na Joseph Watt da Art Maharg. Sunansa daga reza aka samo shi, kuma ya fi karkata ga kiɗan na'ura na mawaƙan Turai irin su Depeche Mode.

DMC: Tony Prince, tsohon ma'aikacin Radio Luxembourg, ya kafa shi a Birtaniya a 1983. Da kaset ya fara kafin ya koma faifai. Daga gare shi mujallar Mixmag ta fito, haka kuma gasar DJ ta duniya da aka fara a 1985.

Ultimix: Brad Hinkle ya kafa shi a garin Greensboro na jihar North Carolina a 1985, daga baya ya haifi Funkymix domin waƙoƙin hip-hop da R&B.

Yadda ake gina tsohon rimiks

Tsohon rimiks yana da tsari sananne. Da farko akwai shimfiɗa, ganga zalla babu murya, yawanci bugu 32 ko 64, domin DJ ya samu damar daidaita gudun sabuwar waƙa da wadda ke kan juyawa. Sai baiti da amshi. A tsakiya sai a janye kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, a bar ganga ko murya ita kaɗai, sannan a dawo da su a hankali har wuri ya ɗauka. A ƙarshe sai wata jelar ganga domin a ɗora waƙa ta gaba. Gaba ɗaya minti 6 zuwa 9. A jikin kwalin kuma akan rubuta yawan bugu a minti ɗaya, abin da suke taƙaitawa da BPM.

Kafin kwamfuta ta shigo, da hannu ake yawancin wannan aiki. Mai gyara zai saurari zaren tef, ya sa alama da fensir, ya yanke da reza, ya liƙe da salatif. Ga ɗan lissafi don a gane wahalar: tef ɗin situdiyo yakan yi gudun inci 15 a daƙiƙa. Waƙa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato inci 7 da rabi na tef. Shimfiɗa mai bugu 32 kenan ƙafa 20 ce cur. In reza ta kauce kaɗan, masu rawa za su ji tuntuɓen a ƙafafunsu.

Zamanin manyan sunaye

A shekarun 1990 kamfanonin waƙa da kansu suka riƙa zuba kuɗi suna ɗauko ƙwararru irin su Shep Pettibone, Frankie Knuckles, David Morales da Todd Terry. A nan rimiks ya wuce tsawaitawa, ya koma a zubar da tsohon kiɗan kacokan a gina sabo a ƙarƙashin murya. A 1993 Mariah Carey sake shiga situdiyo ta yi ta rera "Dreamlover" musamman domin zubin Morales. Waƙar "Missing" ta Everything But The Girl kuwa ba ta yi wani tashe ba sai da Todd Terry ya taɓa ta, ta karaɗe duniya a 1995. Abin ya kai har aka ware wa masu rimiks kambun Grammy, Frankie Knuckles ya fara lashewa a 1998, Morales ya biyo baya a 1999.

Daga CD zuwa saukewa, daga saukewa zuwa haya

A 1992 kamfanin Promo Only ya fara aika wa DJ faifan CD duk wata daga jihar Florida. A 2001 Pioneer ta fito da na'urar CDJ-1000 wadda ta sa CD ya riƙa juyuwa a hannu kamar faifan garmaho. A 2004 manhajar Serato Scratch Live ta fito, kantin Beatport na sayar da waƙa ta intanet shi ma ya buɗe a wannan shekarar. Daga nan sai shafuka irin su DJcity da BPM Supreme suka karɓi ragama: ka biya kuɗin wata, ka sauke MP3 son ranka, kuma abin da ka sauke yana nan a kwamfutarka ko ka daina biya.

Mataki na baya-bayan nan shi ne jawo waƙa kai tsaye daga intanet cikin manhajar DJ. Beatport ya ƙaddamar da nasa a 2019, a shekarar kuma ya haɗa gwiwa da DJcity suka kafa Beatsource. Tidal da SoundCloud su ma suna cikin manhajojin. A wannan tsari haya kake yi. Ranar da ka daina biya, ko yarjejeniyar kamfanoni ta watse, jerin waƙoƙinka ya zama fanko. An ga misali a Yulin 2020 lokacin da Spotify ya janye daga manhajojin DJ, bai dawo ba sai 2025. Sannan manhaja irin Serato ba ta barin ka naɗi haɗin da ka yi da waƙoƙin haya.

Me ya sa salon ya canja?

Dalili na farko kuɗi ne. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, don haka babu kamfanin da ke son waƙarsa ta ɓata minti guda tana ganga zalla. Na biyu, manhaja tana daidaita gudun waƙa da maɓalli ɗaya, doguwar shimfiɗa ta rage amfani. Na uku, tun 2020 VirtualDJ ke iya raba murya da kiɗa nan take, Serato ya biyo baya a ƙarshen 2022, kowa na iya haɗa nasa zubin ana tsaka da rawa. Na huɗu, jadawalin waƙoƙin gidan rawa na mujallar Billboard, wanda kamfanoni ke biyan kuɗin rimiks don su hau shi, an dakatar da shi a Maris 2020. Ga kuma TikTok da ya koya wa kunne son gutsuren waƙa mai gudu. Sakamakon haka, abin da ya fi yawa a shafukan DJ yanzu shi ne gajeren zubi na minti biyu ko uku.

Sai dai fa kada kewa ta rufe ido. A da, DJ akwatunan faifai yake dako a kafaɗa, kuɗin rajista ba na yaro mai tasowa ba ne, kuma wanda ke nesa da manyan birane sai dai ya ji labari. Yau matashi da laftof ɗinsa yana da abin da manyan da ba su taɓa mallaka ba.

Abin da ke neman ɓacewa

Babbar asarar tana wajen adanawa. Izinin da su Disconet da Razormaid suka samu na rabawa 'yan rajista ne kawai, shi ya sa da yawa daga cikin ayyukansu ba sa kan manhajojin sauraro a hukumance. Mai nema sai ya bi kasuwar tsofaffin faifai irin ta shafin Discogs, ko ya dace da wanda ya ɗora a YouTube kafin a goge. Faifai kuwa yana karcewa, CD yana lalacewa.

Ga DJ ɗinmu na gidan biki darasin a fili yake. Wanda ya dogara da waƙar haya a wurin da sabis ke ɗaukewa, ranar da amarya ta fito fili zai iya shan kunya. Waƙar da ka san ba ka iya aiki sai da ita, saye ta ta halastacciyar hanya, ka ajiye a kwamfuta, ka kwafa a filas biyu, ka rubuta sunan wanda ya yi zubin da shekarar. In kuma kana son ka gane abin da tsofaffin ke kewa, nemi zubin Walter Gibbons na "Ten Percent" ka saurara daga farko har ƙarshe ba tare da ka tura gaba ba, sai ka faɗa mana yadda ka ji.